BABI NA UKU: ƘANANAN YARA DA ZAMAN IYALAN ALHAZAN ƘASA A SUDAN

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da mutanen ƙasar Hausa suke bi zuwa aikin hajji kafin zuwan Turawa. Shi kuwa wannan babi zai dubi waɗanda suka kama hanyar gabas da iyalinsu, wato mata da ƙananan yara, suka yada zango a ƙasar Sudan da niyyar su ɗan huta su wuce, amma zangon ya zame musu gida. Galibin abin da aka rubuta a kan waɗannan mutane ya fi mayar da hankali ne ga sarakunansu da malamansu da kuma ƙwadagon da mazajensu suka yi a gonakin auduga. Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, idan aka bi tarihin ta cikin gida, za a tarar cewa ƙananan yara ne suka tsayar da tafiyar, kuma a kansu ne aka yi mafi yawan kokawar sabawa da baƙuwar ƙasa.

3.1 Fita Daga Gida

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris na wannan shekara. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya bai yarda ya zauna a ƙarƙashinsu ba, sai ya fita ya nufi gabas. Jama'a suka yi ta binsa daga garuruwa da ƙauyuka, har da manoman da suka bar gonakinsu ana daf da shuka. Dama an daɗe ana faɗa a ƙasar cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu Usmanu za su ƙaura zuwa bakin Kogin Nilu su tarbi Mahadi, har ma sarakunan Sakkwato na ƙarni na 19 sun sha hana mutane tashi, suna cewa lokacin bai yi ba. Da Nasara suka shigo sai mutane da yawa suka ɗauka cewa lokacin ke nan ya zo. Mai irin wannan tunani kuwa ba ya barin mace ko yaro a baya, domin ba ya sa ran komowa.

An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno yana cikin waɗanda suka tsira, kuma shi ya ci gaba da jan ragowar jama'a. Sun sauka da farko a ƙauyen Shaihu Ɗalha da ke bakin Shuɗin Nilu, sannan a wajen 1906 suka ƙetare kogin suka kafa garin da ake kira Maiwurno har yau, kudu kaɗan da Sinnar. Idan aka yi lissafi za a ga cewa jaririn da aka fito da shi daga Sakkwato a goye ya isa bakin Nilu ne yana tafiya da ƙafarsa, an riga an yaye shi a wata ƙasa da iyayensa ma ba su taɓa jin sunanta ba.

Sai dai mutanen hijira kaɗan ne idan aka kwatanta su da waɗanda suka biyo baya. Bayan an kashe Rabeh a Kusuri a 1900, Faransawa suka kama Abeshe a 1909, Ingilishi kuma suka rushe sarautar Ali Dinar ta Darfur a 1916, sai hanya ta buɗe wa talaka. Daga Kano ko Yerwa mutum zai bi ta Fotlami, wato Injamena ta yau, ya wuce Abeshe da Janaina da Alfashir har Al'ubayyid, inda layin dogo ya iso a wajen 1912. Daga nan, mai kuɗin jirgi ya nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya jira ƙetarawa zuwa Jidda.

3.2 Yadda Yaro Ya Zama Ma'aunin Tafiya

Alhajin ƙasa ba ya fita da guzurin da zai kai shi Makka. Abin da yake yi shi ne ya yi tafiya har kuɗinsa ya ƙare, ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko aski ko ga-ruwa, ya tara abin da ya samu, ya ƙara gaba. Birks (1978), wanda ya yi nazarin wannan hanya, ya nuna cewa tafiya ce ta shekaru. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa ake tafiya da mata, domin babu magidancin da zai bar matarsa shekara biyar ko goma ba ci ba sha ya dawo ya tarar da aurensa yana nan. Bugu da ƙari, matar ita ce mai dafa abinci a zango, kuma abin da take samu wajen sayar da ƙosai ko gyaɗa yana cikin guzuri.

To, amma inda akwai mata da miji akwai haihuwa, haihuwa kuwa tana da nata ƙa'idojin da ba ruwansu da gaggawar matafiyi. Mai ciki ya tsufa ba ta iya doguwar tafiya a rairayin Darfur. Idan ta sauka sai an yi suna, sai ta yi wankan jego na kwana arba'in, wanda yake bukatar itace da ruwa mai yawa, abubuwa biyu da suka fi komai wuya a kan hanya. Bayan haka ga shayarwa ta kusan shekara biyu. Kafin a yaye wannan a shirya tashi, sau da yawa wani cikin ya samu. Haka kuma kowane yaro da aka ƙaru da shi ƙarin baki ne a zango, ƙarin kuɗi ne kuma a jirgi. Ke nan abin da magidanci yake tarawa yana hawa da ƙafa, abin da ake bukata kuwa yana hawa a kan doki.

Akwai kuma tsoro. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ana cinikin bayi a Hijaz, kuma rahotannin Turawa na wancan lokaci sun sha ambaton 'ya'yan alhazan Afirka ta Yamma da aka sace ko aka yaudari iyayensu aka sayar. Yarjejeniyar Jidda ta 1927 ta amince wa ofishin jakadancin Ingila da ke can ya riƙa 'yanta bawan da ya gudo wurinsa, aka ci gaba da haka har 1936, ita kuwa Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai a 1962. A ɗaya ɓangaren, gwamnatocin mulkin mallaka sun ɗora wa mai ƙetarawa ta Sawakin sharuɗɗan fasfo da allurar rigakafi da kuɗin komowa. Wanda bai iya cika su ba sai ya bi ta ɓarauniyar hanya, a cikin ƙananan jiragen Larabawa da ake kira sambuk, waɗanda kan sauke mutane da dare a duk gaɓar da ta samu. Namiji shi kaɗai yana iya sayar da ransa ya shiga. A ganin mai wannan nazari, uban da yake riƙe da hannun 'yar shekara huɗu dole ya yi tunani sau biyu, kuma kalmar da irin wannan tunani yake ƙarewa da ita ita ce "sai baɗi".

3.3 Gona da Tukunya

Abin da ya sa jiran baɗi ya yiwu shi ne aikin yi. Sudan ta fito daga yaƙe-yaƙen Mahadiyya da ƙarancin jama'a, saboda haka gwamnatin haɗin gwiwar Ingila da Masar da aka kafa a 1899 ta yi maraba da baƙin yamma. Duffield (1981) ya bayyana yadda Turawa suka riƙa amfani da Mai Wurno wajen samo 'yan ƙwadago da kafa sababbin ƙauyuka a yankin. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. An rarraba ƙasar gida-gida, kowane yanki ana kiransa hawasha, aka ba 'yan ƙasa. Ɗibar auduga kuwa aikin hannu ne da ba ya bukatar ƙarfi sosai, saboda haka iyali mai yara da yawa ya fi gwauro samu. Lokacin da farashin auduga ya faɗi bayan karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929, masu hawasha da yawa suka watsar da gonakinsu, wasu daga cikin baƙin yamma suka karɓa. Mafi yawansu dai sun ci gaba da zama 'yan ƙwadago, suna zaune a rugagen bukkoki a gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira kambo, jam'i kanabi. A waɗannan magudanai yara suke wanka, daga nan ake ɗebo ruwan sha, kuma nan ne matattarar tsargiya da sauro.

Ta fuskar abinci, uwargida ba ta sha wuya sosai ba. Dawa da gero su ne cimar ƙasar. Asida ita ce tuwo, waika kuwa busasshiyar kuɓewa ce, karkade shi ne zoɓorodo. Wadda ta biyo ta Darfur ta riga ta ga yadda ake yin kawal da ganyen tafasa, da furundu da 'ya'yan yakuwa, wanda bai da bambanci da daddawar batso. Sabon abu shi ne kisra, wani siririn waina mai tsami da ake shimfiɗawa a kan faffaɗan ƙarfe, ɗan'uwan sinasir amma ya fi shi sirantaka nesa. Abin lura a nan shi ne, cuɗanyar ba ta tsaya a ɓangare ɗaya ba. Naman da ake barbaɗa wa ƙuli da yaji a gasa, wanda ake sayarwa a titunan biranen Sudan, sunansa agashe, kuma kowa ya san na Hausawa ne. Haka ma godo-godo, wanda ake yi da gero da nono. Matan aure da yawa suna cikin kulle, saboda haka abin da suka sarrafa a cikin gida yara ne suke kai shi kasuwa da tasha, kamar yadda ake yi a Kano. Wannan talla kuwa ita ce ƙofar da Larabci ya bi ya shiga gida.

3.4 Harshe da Makaranta

Magidancin da ya zo Sudan da girmansa yakan tsaya ne ga Larabcin ciniki da na gaisuwa. Idan malami ne yana iya karanta Risala ko Ishiriniya ya fassara, amma ya kasa ciniki da mai tumatir, domin Larabcin littafi daban, na kasuwar Wad Madani daban. Matarsa da ke cikin gida tana iya shekara ashirin ba ta iya haɗa jimla ba. Yarinyar da take fita da farantin gyaɗa kuwa, cikin 'yan watanni ta iya ƙirga, ta iya zagi, ta iya ba'a. Ta haka sai tsarin gida ya ɗan juya: idan mai hawasha ya zo da magana, ko ma'aikacin lafiya, ko ɗan sanda, yaro ake kira ya yi tafinta. A al'adar da yaro ba ya sa baki idan manya suna magana, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, domin kuwa uba yana ji yana gani ɗansa ya san abin da shi bai sani ba.

A waje kuma yaron yana jin sunan da ake kiran iyayensa da shi. Mutanen Sudan sukan haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare da Bazabarme su kira su Fallata, ko kuma Takari, kuma sau da yawa da raini ake faɗa. Babba yana iya toshe kunnensa, tunda a ransa shi baƙo ne mai wucewa. Yaron da aka haifa a can ba shi da wannan mafaka. Bai san wata ƙasa ba sai wannan, ga shi kuma ana ce masa ba tasa ba ce.

Makarantar allo ta zo da sauƙi ta wata fuska. Mutanen ƙasashen biyu duk Malikawa ne, allo da tawada da zama a gewaye da wuta da dare duk iri ɗaya ne. A can ana kiran makarantar halwa, kalmar da a Hausa take nufin keɓewar mai ibada, malamin kuma ana ce masa faki. Amma akwai bambancin da kunne yake ji nan take: ƙasar Hausa da ruwayar Warshu take karatu, tsakiyar Sudan kuwa da ta Duri, ko da yake Warshu tana nan a Darfur. Iyaye da yawa sun fi son ɗansu ya yi karatu a gaban malamin da ya fito daga gida, wanda zai biya masa da irin muryar da suka sani, ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci. Ta wannan hanya makarantar allo ta zama wurin da ake tsare harshe, ba wurin koyon karatu kawai ba.

Batun makarantar gwamnati ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara da kwatanta shi da abin da ya faru a Nijeriya ta Arewa. A gida, babban abin da ya sa iyaye suka guji boko shi ne ganin cewa karatun Nasara ne, da baƙaƙen Nasara. A arewacin Sudan kuwa makarantun firamare na gwamnati da Larabci suke koyarwa, malaman Musulmi ne, ana kuma koyar da addini. Duk da haka iyalan alhazai da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu. Wani dalilin a fili yake: kambo ba shi da makaranta, kuma hannun yaro ana bukatarsa a gona. Ɗaya dalilin kuwa shi ne wanda Yamba (1995) ya gano a ƙauyukan alhazai na Jazira, inda ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka fito daga gida, waɗanda ba su taɓa ganin Nijeriya ko Makka ba, amma suna kiran kansu alhazai masu kan hanya, suna kuma ƙin gina gida mai ƙarko don kada ya zama alamar sun fasa tafiya. Ga mai irin wannan ra'ayi, sa yaro a makarantar gwamnati daidai yake da gina gidan bulo. Shekara huɗu ko takwas na karatu alkawari ne cewa ana nan ba a tashi ba, kuma yaron da zai fito daga ciki ɗan Sudan ne a harshe da tunani.

Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. A Maiwurno kanta da kuma birane irin su Gadarif da Kasala da Umdurman, an sami gidajen da suka rungumi makaranta da sana'o'in zamani, musamman tuƙin manyan motoci da kanikanci, har 'ya'yansu suka wayi gari Larabci ya fi sauƙi a bakinsu. Saboda haka ana iya samun 'yan'uwa biyu da suka fito daga gari ɗaya, a ayari ɗaya, jikokin wannan suna aikin ofis ba sa jin Hausa sai kaɗan, jikokin wancan suna kambo suna jiran ranar tashi.

3.5 'Ya'ya Mata

Akwai wani bambanci da ya shafi jikin yarinya kanta. A tsakanin Larabawan bakin Nilu an saba yi wa 'yan mata ƙanana kaciya mai tsanani wadda ake kira ta Fir'auna, inda ake yanka a kuma ɗinke. Hausawa ba su san wannan ba a gida, kuma galibinsu ba su ɗauka ba a can. Gwamnatin mulkin mallaka ta haramta irin wannan kaciya a 1946 amma dokar ba ta yi tasiri ba, sai a 2020 aka sake yin dokar da ta hana kaciyar mata gaba ɗaya. Gruenbaum (2001) ta ba da labarin wani ƙauye a shirin noma na Rahad inda 'yan matan Larabawan Kenana suke yi wa 'yan matan Zabarmawa gorin rashin kaciya, su kuma suna ramawa da nasu gorin. Wannan yana nuna cewa iyaka tsakanin baƙo da ɗan gari, a bakin rijiya da wurin wasa yara suke fara koyonta. Haka kuma al'amarin ya taimaka wajen rage auratayya tsakanin ɓangarorin biyu, sai aure ya riƙa zagayawa a cikin baƙi, harshe da al'ada suka daɗa samun wurin zama.

3.6 Takardar Zama Ɗan Ƙasa

Duk abin da iyaye suka zaɓa wa yaro, hukuma tana da nata lissafin. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan ta kafa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897, wato kafin sojojin Ingila da Masar su ci Umdurman a 1898. Bayan samun mulkin kai a ranar 1 ga Janairu, 1956, dokar 1957 ta riƙe wannan rana. Fulani da Hausawan da kakanninsu suka zo kafin Mahadiyya ko a cikinta sun shiga. Mutanen Burmi kuwa sun makara da 'yan shekaru kaɗan. Alal misali, yaron da aka haifa a Maiwurno a 1910 yana da shekara 38 lokacin da aka yi dokar farko, a nan aka yanke masa cibiya, a nan ya binne iyayensa, amma a takarda baƙo ne, sai dai ya nemi a ba shi jinsiyya ta hanyar roƙo, wadda darajarta ba ta kai ta haihuwa ba. Ita kuwa jinsiyya ita ce mabuɗin aikin gwamnati da mallakar hawasha da karatu mai zurfi. Ta haka uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta ya sami hujja, domin yana iya nuna ɗan maƙwabcinsa da ya yi karatun ya rasa aikin.

An sassauta sharaɗin daga baya, har dokar 1994 ta mayar da ranar zuwa 1 ga Janairu, 1956, wanda ya shigar da mafi yawan zuriyar alhazan ƙasa. A lokacin kuwa jirgin sama ya riga ya kashe hanyar ƙasa, sababbin zuwa sun yi ƙaranci, waɗanda suke can kuma sun zama miƙaƙƙun 'yan Sudan masu jin Hausa. Amma takarda ba ta kashe maganar asali ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, abokan zamansu kuma suka ce sarauta ta mai ƙasa ce. An kashe fiye da mutum 100 a wannan karo, aka sake kashe wajen 200 a yankin Wad Almahi a watan Oktoba, dubban iyalai suka bar gidajensu. Yaƙin da ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a watan Afrilu na 2023 ya isa Wad Madani a Disambar wannan shekara, ya shiga Jihar Sinnar a 2024, inda ya sake tayar da mutanen kanabi da na ƙauyukan bakin kogi. Cikin waɗanda suka ɗaura kaya suka goya yara suka kama hanya har da zuriyar mutanen da suka sauka a wurin a 1906.